Surukata ta ce ciwon 'yata daga danginmu ne, ni kuma ina tsoron sake ɗaukar ciki

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23. Auren zumunci aka yi mana da ɗan gwaggona, yayar babana, kuma muna zaune lafiya. Wata 14 da suka wuce na haifi 'yata ta fari da wani ƙullutu mai ruwa a ƙasan bayanta. Aka yi mata aiki tun kafin suna, bayan wata biyu kanta ya fara girma, aka sake yin wani aikin aka sa mata bututu mai janye ruwan da ke taruwa a kan. Yanzu tana dariya, tana gane mu, tana zama, amma ƙafafunta ba sa motsi sosai, fitsari kuma zuba yake. Gwaggo, wadda ita ce surukata, ta ce a zuri'arsu ba a taɓa ganin haka ba, daga dangin mamata ne. Wani lokacin kuma ta ce fitar magariba da nake yi ina da ciki ce ta jawo. Ta matsa wa mijina ya ƙara aure, ko ni in sake haihuwa a gani. Ita da mamata yanzu ko gaisawa ba sa yi. Tsoro ya sa na je aka yi min allurar tazarar haihuwa ba da saninsa ba. Ban fara zuwa awo ba sai da cikin ya kai wata biyar saboda kunyar cikin fari, kuma wannan yana cina kullum. Kafin aure mun yi gwajin jini, ni AA shi AS, aka ce ba matsala. Laifina ne? Zumuncin ne? In na sake haihuwa haka za a sake samu? Yaya zan yi da abin da na ɓoye masa?

Wata uwa, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana yarinyar nan, ya ƙara mata lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Shekara da wata biyu kina tsakanin layin asibiti da wankin tsumma da haɗiye maganganu, ga wani sirri da kike dako ke kaɗai. Sannu ƙwarai.

Bari in fara sauke miki maganar awo, tunda ita ce ke cin ki. Abin da aka haifi 'yarki da shi likitoci na kiransa sifaina bifida, wato ƙashin baya bai gama rufe laka ba, kuma an san lokacin da yake faruwa kusan daidai da rana. A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayi bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, wani siririn faifai na ƙwayoyin halitta yakan shimfiɗu a bayansa. Sai gefe biyunsa su taso su haɗu, kamar tela ya ninka yadi ya bi bakinsa da ɗinki, a fara daga wajen wuya a yi sama, a yi ƙasa. Abin da ake samu ɗan bututu ne. Samansa shi zai zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka, kuma saƙon da ke motsa ƙafa ko ya riƙe fitsari ta nan yake bi. Zuwa kwana 28 an gama. In ɗinkin bai kai ƙarshe ta ƙasa ba, sai a samu irin na 'yarki. In ta sama ya tsaya, ƙwaƙwalwar ce ba ta cika, jaririn kuma ba ya rayuwa.

Yanzu ki yi lissafi da kanki. Kwana 28 daga shigar ciki bai wuce mako biyu da ɓatan wata ba. A lokacin wataƙila ko kasala ba ki fara ji ba, balle ki yi tunanin katin awo. Da kin je asibiti a wata na biyu, da abin da ya faru ya riga ya faru. Amfanin awo a irin wannan shi ne a gano a hoto, a shirya haihuwa a asibitin da za a iya yi wa jariri tiyata da wuri. Kunyar cikin fari tana cutar da matanmu ta hanyoyi da yawa, ba na yabonta, amma ba ita ta buɗe bayan 'yarki ba. Fitar magariba kuwa, kiyaye lokacin da yawaita azkar abu ne mai kyau, ba na hana kowa. Sai dai mata nawa ne a karkara ke dawowa daga rijiya da almuru da tsohon ciki, su haihu lafiya lau? Kuma ana haifar irin 'yarki a Ingila da Amurka, an fi samun su ma a arewacin ƙasar Sin da wasu yankunan Habasha.

Gwajin da kuka yi kafin aure bai yi ƙarya ba, tambaya ɗaya kawai ya amsa. Sikila daga ƙwayar gado guda ɗaya take, shi ya sa ɗigon jini ke iya nuna wa ke ɗauke da ita. Ko dokar da jihar Kano ta kafa a 2024 ta tilasta gwaji kafin ɗaurin aure, sikila da cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta ta nufa. Buɗewar laka ba haka take ba. Masu bincike sun gano ƙwayoyin gado sama da 200 a jikin ɓeraye waɗanda in ɗaya ta samu tangarɗa bututun ba ya rufewa, a jikin mutum kuma yawanci tarin ƙananan abubuwa ne ke haɗuwa, wasu daga uwa, wasu daga uba, su tarar da jikin uwa ba shi da isasshen sinadarin folik asid, wani nau'in bitamin, a waɗannan makonnin. Ciwon suga da ba a daidaita ba, ƙiba sosai, zazzaɓi mai zafi a farkon ciki, da wasu magungunan farfaɗiya, musamman balfurowet, duk suna ƙara haɗarin. In akwai ɗaya daga ciki a tare da ke, ki faɗa wa likita. Amma in kina shan maganin farfaɗiya kada ki ajiye shi da kanki.

Zumunci yana da nasa kaso, ba zan ɓoye miki ba. 'Ya'yan yaya da ƙani irinku sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Wani babban bincike da aka yi a garin Bradford na Ingila, aka fitar a 2013, ya bi jarirai sama da 11,000, ya ga cewa haihuwa da wata tawaya, kowace iri ce, ta tashi daga kimanin 3 cikin 100 zuwa 6 cikin 100 a tsakanin ma'aurata 'yan uwa na kusa. Ninki biyu ne, amma ki duba ɗaya gefen: 94 cikin 100 lafiyarsu ƙalau. Ban ga dalilin da zai sa ki yi nadamar aurenki ba, ko wani ya ce a raba ku.

Maganar Gwaggo ce ta fi ɗaure min kai. Ta ce ba zuri'arsu ba ce. To ke 'yar wace ce? Rabin jinin jikinki na ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yarinyar nan jikarta ce ta wajen ɗanta, jikar ƙaninta ce ta wajenki. In har zumunci ya taka wata rawa, to ta iyayen da suka haifi Gwaggo da babanki abin ya biyo, don nan ne jininku ya haɗu. Dangin mamanki ba su fi kowa kaso ba. Na faɗa miki wannan ne don ki samu natsuwa, ba don ki je ki mayar mata da magana ba. Ranar da kika buɗe baki kika ce wa surukarki daga gidansu ne, kin yi gaskiyar da za ta ci ki shekara goma. Ni a ganina tsohuwar nan tsoro ne da jin kunyar mutane ke damunta. Ita ta haɗa auren, ko ta sa hannu a ciki, ta ga jikarta ta fari a haka, mata suna zuwa barka suna kallon juna. Ɗora wa surukai laifi ya fi mata sauƙi a kan ta zauna da tunanin ko haɗin da ta yi ne. Wannan bai wanke ta ba, amma zai nuna miki ta inda za a ɓullo mata. Ba ke za ki yi ba. Babanki ne ya kamata ya same ta su biyu, ɗan'uwa da 'yar'uwa, ba a gaban yara ba. In kuma za a iya lallaɓa ta ta raka ku asibiti ranar ganin likita, ta ji bayani daga bakin mai farar riga, ya fi wa'azinku dubu. Mamanki kuma ki roƙe ta ta daure ta riƙa gaishe ta ko ba a amsa ba, don duk ranar da aka ja zaren nan ya tsinke, a ɗakinki zai tsinke.

Ko zai sake faruwa? Matar da ta taɓa haihuwar irin wannan, in ba ta yi wani shiri ba, haɗarin maimaituwa kimanin 3 zuwa 4 ne cikin 100. Ya fi na sauran mata, amma ko a haka mafi yawa suna haihuwa lafiya. Kuma akwai abin yi, wanda aka tabbatar da shi fiye da shekara talatin. A 1991 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon gwajin da Farfesa Nicholas Wald ya jagoranta a kan mata 1,817 a ƙasashe bakwai, dukkansu sun taɓa samun ciki mai irin wannan matsala. Waɗanda aka ba miligiram 4 na folik asid kullum tun kafin su ɗauki ciki, maimaituwar ta ragu da kashi 72 cikin 100, ta koma kusan ɗaya cikin ɗari. Da aka ga haka sai aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, don bai dace a ci gaba da hana sauran matan ba. Amurka da Kanada suka tilasta zuba sinadarin a garin fulawa daga 1998, adadin jariran da ake haifa da ciwon ya sauka a fili.

Kin san ƙwayar. 'Yar mitsitsiyar nan ce rawaya da ake haɗawa da maganin ƙarin jini a wajen awo, wadda masu sikila ke sha kullum, kowane kemis akwai ta, kuma tana cikin mafi arahar magunguna. Aikinta shi ne taimaka wa ƙwayoyin halitta su kwafi saƙon gadonsu yayin da suke rabuwa da sauri, kamar yadda suke yi a bakin bututun nan da zai zama laka. Abin takaicin shi ne mu sai bayan an gama ɗinkin ake miƙa mana ita. Ana kashe kuɗi a gyaran amarya, dilka da halawa da tsumi da kazar amare, ba mai tunawa ya sa wannan a cikin kayan. Kowace mace da za ta iya ɗaukar ciki tana buƙatar miligiram 0.4 kullum, don haka ki faɗa wa ƙannenki da ƙannen mijinki, su ma haɗarinsu ya ɗan ɗara na sauran jama'a. Ke kuwa naki babban awo ne, miligiram 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga mai tarihi irin naki. Ki fara wata uku kafin ki nemi ciki, ki ci gaba har cikin ya cika mako 12, sannan a mayar da ke ƙarami. Ki kula da wannan sauyin, domin daga mako na 13 ake fara ba masu ciki Fansidar na rigakafin maleriya, babban awon kuma yana rage masa ƙarfi. Kada ki tara ƙwayoyin bitamin kala-kala don ki cike adadin, wasu na ɗauke da bitamin A wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi. Zogale da alayyafo da wake da gyaɗa suna da sinadarin, ki ci, amma dahuwar miyarmu mai tsawo tana kashe da yawa daga ciki, abinci kaɗai ba zai kai ki inda ake so ba. In cikin ya samu, ki je awo da wuri, ki faɗi tarihinki tun a teburin farko, a yi miki hoton ciki na ƙwararru tsakanin mako 18 da 22.

Sai maganar allura. Na fahimci abin da ya kai ki, kuma hutun kansa daidai ne. Mace mai jinyar yarinya irin wannan, da shirin wata uku a gabanta, kusan duk likitan da kika samu tazara zai ce ki yi. Ɓoyewar ce ba ta yi min ba. Malamai da yawa sun halatta tazarar haihuwa, suna kafa hujja da hadisin Jabir cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka, amma sun sharɗanta yardar miji da mata. Ga kuma lissafin duniya: ƙaramin gari ne ko babba, katin asibiti yakan faɗo daga jaka, ma'aikaciya takan zama ƙawar wata. In Gwaggo ta riga shi ji, kin miƙa mata hujjar da ba ta da ita a da. Ki faɗa masa da bakinki, a makon nan in da hali. Ki zaɓi dare bayan ya ci abinci, yarinya ta yi barci. Kada ki fara da allurar, ki fara da tsoron. Ki ce masa tun ranar da kika ga bayan yarinyar nan ba ki ƙara samun natsuwa ba, tsoro ya kai ki ga yin abu ba da izininsa ba, kina neman afuwa, kuma yanzu kin ji akwai hanyar da za ku bi ku sake haihuwa da kwanciyar hankali, kina so ku je ku ji tare. Zai iya yin fushi, ki ba shi kwana biyu. In kin san mai zafin hannu ne, to kada ki yi ke kaɗai, ki sa babanki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ki kuma sani allurar wata uku takan ɗauki watanni bayan an daina kafin haihuwa ta dawo, ba lalacewa ba ce, kada a tsorata ki.

A wasiƙarki ba ki faɗi abin da shi ya ce ba, sai abin da aka ce masa. Mutumin da ya biya kuɗin tiyata biyu, yana tsakanin mahaifiyarsa da matarsa wadda kuma ƙanwarsa ce, wataƙila shi ma yana kwana da tambayar ko daga shi ne, ba wanda ya tambaye shi. Ki tambaye shi. Ƙarin aure kuwa hurumin sa ne, ba zan ce miki ki tare ƙofa ba. Amma ya sani ba magani ba ne. Rabin gadon yarinyar nan nasa ne, zai tafi da shi duk ɗakin da ya shiga, amaryar ma sai ta sha folik asid. Kuma kuɗin lefe da na kayan ɗaki, akwai mai jiransu a gida.

Ita nake so mu ƙarasa da ita, don ana ta rigima a kan wanda ba a haifa ba, an bar wadda ke zaune a tabarma. Ba zan yaudare ki cewa ƙafafun za su dawo kamar na kowa ba. Lakar da ta zauna a buɗe watanni tana jiƙa a ruwan mahaifa ta lalace, ƙwayoyin jijiyar laka kuma ba sa sake tohowa. Wannan ne ya sa aka koma gwada rufe bayan tun jariri yana ciki. Binciken da aka fitar a Amurka a 2011 ya nuna yin tiyatar kafin mako 26 ya rage buƙatar bututun kai daga kashi 82 zuwa 40 cikin 100, kuma tun 2021 likitoci a Kalifoniya suke gwada haɗa tiyatar da ƙwayoyin halitta na mabiyiya. A Landan kuma an yi nazarin wani sinadari, inositol, saboda ragowar da folik asid ba ya karewa. Duk wannan aikin kafin haihuwa ne. Saboda haka duk mai lasifika a bakin kasuwa, ko mai talla a Facebook da WhatsApp da ya ce yana da garin da ke farfaɗo da laka, kuɗinki yake so. Addu'a da tofi ki ci gaba da su, tare da asibiti.

Abin da ya fi ƙafa gaggawa shi ne ƙoda. Zubar fitsarin nan na nufin mafitsara ba ta jin saƙo, wani lokaci fitsarin yana taruwa ya koma sama ya ci ƙodar a hankali ba tare da alama ba. Ki nemi a yi mata hoton ƙoda da mafitsara, ki tambaya ko tana buƙatar a riƙa zuƙe fitsarin da siririyar roba sau da yawa a rana. Jin sa akwai tsoro, amma iyaye mata suna koya cikin 'yan kwanaki, kuma tun shekarun 1970 wannan dabarar ke ceton ƙodar yara irinta, ta kuma ba su damar zama a aji ba tare da jiƙewa ba. Sai fata. Inda ba ta ji, ba za ta yi kuka ba. Za ta iya jan jiki a kan siminti mai zafi da tsakar rana, ko ƙafarta ta jingina da kaskon wuta da hunturu, ba ki sani ba sai kin ga ƙuna. Ki gwada ruwan wanka da gwiwar hannunki, ki sa mata safa, kowane dare ki duba dugadugai da tsakanin yatsu da mazaunai. Bututun kai kuma yakan toshe. In kin ga amai ba dalili, barcin da ya wuce kima, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa, ko zazzaɓi da ja a kan hanyar bututun, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya kemis.

Ki riƙe kai ta gashin ƙashi a asibiti, domin wasu yaran kan tsaya su yi tafiya da takalmin ƙarfe da sanda, wasu da keke, ya danganta da inda buɗewar take. Akwai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga asibitin ƙashi na Dala in ana buƙatar gyaran ƙafa. A layin ganin likita ki yi hira da uwar da ɗanta ya girmi 'yarki, ki karɓi lambarta, za ta koya miki abin da ba ya cikin kati. Kuma ki daina ɓoye yarinyar a ɗaki in baƙi sun zo. Da yawa daga cikin irinsu kaifin basirarsu daidai yake da na kowa, in lokacin makaranta ya yi a kai ta, allo da boko.

Ki sayi folik asid ɗin tun yanzu, ki nuna wa likitanki ya tabbatar miki da awon. In kun je ku biyun, ki sake rubuto min abin da mijin ya ce da abin da hoton ƙodar ya nuna.